Masu hali ne suka kashe gayya a layinmu

Guruf ɗin 'yan unguwa, cikin garin Katsina, washegarin ruwan daren Laraba

Nura Tela: Salamu alaikum jama'a. Ni yau sai na faɗi abin da ke raina ko da za a cire ni daga guruf ɗin nan. Ruwan daren jiya tun ƙarfe biyu muke tsaye ni da iyali muna kwalfe ɗaki da bokiti da kwanon sha, katifa ta jiƙe sharkaf, buhun geron da na jingine bayan ƙofa ya sha ruwa, shaddar mutane kala uku da na taho da ita gida zan ƙarasa da daddare duk ta yi jirwaye da baƙin ruwan kwata, har yanzu ban san da bakin da zan yi wa masu ita bayani ba. Kuma kowa a layin nan ya san dalili. Kwatar da ta taso daga bakin titi ta gangaro har kwalbatin ƙasa, rabon da a yashe ta damina uku kenan. Da can kafin ruwa ya sauka mai unguwa zai sa a yi shela, ranar Asabar kowa ya fito da shebur da baro, wanda ba zai iya ba ya turo ɗansa, mata su aiko da kunu da ƙosai. Har Alhajin saman layi da kansa yake fitowa ya naɗe wando ya shiga, don lokacin ruwa har zaurensa yake kwana. To tunda ya rushe gidan ya zuba ciko tifa-tifa ya ɗaga shi ya fi titi tsawo, ya shimfiɗa intalok, ya haƙa bohol ya ɗora sola, shikenan. Ruwa ba ya shiga gidansa, na gidansa ma mu yake turo wa. Ya daina fitowa, maƙwabtansa biyu da suka yi irin gininsa suka daina, sauran mutane suka ce to mu bayin wa ne, kowa ya zauna gidansa. Ni dai abin da nake cewa, masu hali ne suka kashe gayya a layin nan, mu talakawa aka bari da ruwa. Wanda ruwa ba ya shiga ɗakinsa ba zai ɗauki shebur ba.

Hajiya Binta: Subhanallahi. Sannu Nura, Allah ya mayar da alheri. Mu ma ya shigo mana tsakar gida har bakin murhu amma bai kai ɗaki ba.

Sagir: Allah ya kiyaye gaba Yaya Nura

Shamsu: Yaya Nura Allah ya mayar da alheri, amma wallahi kalmar nan ta "mu talakawa" ta tsaya min a rai. Kai ne talaka? Keken ɗinki huɗu, janareta, yara biyar suna maka aiki a shago, ga mashin sabo ka canja bayan sallah. In kai talaka ne to mu da muke zaman jiran aiki me za a ce mana?

Nura Tela: Shamsu ni maganar kwata nake yi kai kana ƙirga min kekuna. Biyu daga ciki bashi ne ban gama biya ba, kuma tunda aka cire tallafin mai a 2023 rabin abin da na samu janareta ke shanyewa, tambayi kowane tela a garin nan.

Shamsu: Bashi ma ai mai hali ake ba. Je ka tambayi mai tura kurar ruwa ko akwai wanda zai ba shi keke bashi. Shi ne talaka. Ku sai ku fake da sunan talaka ku zagi wanda Allah ya ɗaga, in an bi diddigi hassada ce kawai.

Nura Tela: Hassada? Ni da na yi shekara goma ina ɗinka wa gidan nan kayan sallah? Ka iya bakinka Shamsu, na girme ka nesa ba kusa ba.

Auwal Direba: Gaskiya Shamsu yana da magana ta wani gefen. Abin yana min ciwo, duk ranar da aka kawo rabon taki ko shinkafa sai ka ga masu mota sun riga kowa rubuta suna wai su talakawa ne, gwauruwar da ke ƙarshen layi ba ta ma ji labari ba.

Hajiya Binta: To ni ku faɗa min ni mecece. Shekara 19 ina koyarwa, albashi ba ya kai ni tsakiyar wata, amma duk wanda ya tashi biki ko suna ni yake fara kawo wa kati don wai ma'aikaciya ce. Talauci ba a keke ko mashin yake ba, a abin da ya rage maka bayan ka ciyar da gida yake.

Shamsu: Hajiya ke kina da ranar da kike jira a wata. Akwai wanda ba shi da ranar da yake jira.

Baba Iro: Yaran ga kuna gardama kan abin da ba ku sani ba. Jikana ne ke rubuta mani, ku yi haƙuri da tsawo. Mu da munka taso, talaka ba marar kuɗi ba ne. Mutum ko raƙuma ɗari gare shi, ko shi ke kai fata da gyaɗa Kano, in ba shi da sarauta ba shi da jinin sarauta to talaka ne, talakan Sarki. Marar abin hannu matalauci aka ce mashi. Da Malam Aminu Kano da mutanenshi sunka kafa jam'iyyar NEPU a 1950 suna kiran talakawa, ba aljihu suke dubi ba, wanda ake karɓar haraji da jangali a hannunshi ake sa shi aikin dole ba a tambaye shi ba, shi suke nufi. Ni na ga ranar da anka ce an soke haraji da jangali zamanin Balarabe Musa, 1979, lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna ba a ba mu tamu ba sai 1987. A ranar har attajiran kasuwa murna sunka yi don su ma suna biya. Saboda haka in da ma'anar farko za a bi, da Nura da Alhajin duk talakawa ne.

Shamsu: Allah ya ƙara lafiya Baba. To kun ji. Alhaji ma talaka ne, saboda haka maganar Yaya Nura ta rushe tun daga tushe.

Nura Tela: Ta rushe a ina? Baba ma'anar kalma ya faɗa, bai ce ruwa bai shiga ɗakina ba.

Ustaz Bishir: Dan Allah a bar kalmar talaka a koma ga abin da shari'a ta sani. A ayar zakka, Suratu Tauba aya ta 60, faƙirai da miskinai aka ambata. A wajen malamanmu na Malikiyya faƙiri shi ne wanda yake da ɗan abu amma ba zai kai shi shekara ba, miskini kuma wanda ba shi da komai. In Malam Nura abin da yake samu ba ya riƙe shi shekara to yana da suna a littafi, ba sai Shamsu ya yarda ba.

Mustafa: Allah gafarta Malam ba duka malamai suka tafi a haka ba. Imamu Shafi'i ya ce faƙiri ya fi miskini shiga matsi, hujjarsa Suratul Kahfi, jirgin da aka huda an ce na wasu miskinai ne masu aiki a teku. Kaga miskini yana iya mallakar jirgi kenan.

Ustaz Bishir: Mustafa na san wannan tun kafin ka shiga islamiyya. A ƙasar nan Risala da Iziyya muka karanta, kada ka ɗauko min abin da ka gani a waya jiya.

Mustafa: Ilimi ba na ƙasa ɗaya ba ne Malam, kuma ba a waya na gani ba, a gaban malami na karanta.

Maman Ummi: Haba jama'a. Haba. Tun safe nake karantawa ina jira a zo kan kwata, an tafi talaka an tafi miskini. Ni gidana ne na ƙarshe kafin kwalbati, duk abin da aka zubar daga saman layi a ƙofata yake tsayawa, leda, robar lemo, har mushen kaza. Yarana biyu yanzu haka zazzaɓi suke, sauro ya hana mu barci tun farkon damina. Kuma abin da Nura bai faɗa ba, rijiyarmu ta cikin gida da tun zamanin surukata ba ta taɓa ƙafewa ba, tun da aka jera bohol uku a saman layi duk bazara sai ta koma laka. Ruwan sama ya ci mu da damina, na ƙasa ya gudu da rani. Ku kira ni duk sunan da kuka ga dama.

Shamsu: Maman Ummi ki ji tsoron Allah, famfo nawa Alhaji ya fitar waje? Kullum da safe 'ya'yanki ba sa ɗiba? Ko kwabo an taɓa karɓa?

Maman Ummi: Suna ɗiba, kuma na gode Allah ya saka masa. Amma awa ɗaya ake buɗewa, ranar da maigadi bai tashi da daɗi ba ko an yi baƙi a gidan sai a ce yau babu, yarinya ta dawo da jarka ba komai ta makara makaranta, in sayi na 'yan ga-ruwa. Wa zan yi wa magana? Sadaka daban gayya daban Shamsu. Lokacin da muke haɗa kuɗi a gyara famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci ina da baki, in ya lalace in ce ina kuɗinmu. A sadaka ba ni da komai sai godiya.

Hajiya Binta: Wallahi kin gama magana.

Shamsu: Wato yanzu alherin ma laifi ne. Shi ya sa masu kuɗi suke komawa GRA su huta.

Malam Kabir: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aji na tarar da saƙo sun fi ɗari. Ina roƙon a ba ni minti biyu don abin da Nura ya faɗa ba sabon abu ba ne, an yi nazarinsa sosai. Akwai wata baiwar Allah 'yar Amurka, Elinor Ostrom, ita ce mace ta farko da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, rayuwarta duk a kan yadda jama'a ke kula da abin da suka yi tarayya a kai ta ƙare, ruwa, daji, makiyaya. Ita da abokan aikinta sun duba manoman ƙasar Nepal masu raba ruwan kogi ta magudana ɗaya, wasu gonarsu na bakin ruwa wasu na can ƙarshe, kamar dai saman layi da ƙasan layi. Inda madatsar ta ƙasa da duwatsu da itace ce, duk shekara ruwa ke cinye ta sai an taru an gyara, na sama ba za su iya su kaɗai ba, dole su bar wa na ƙarshe ruwa don in sun hana su ba mai zuwa aiki baɗi. Da aka zo aka gina wa wasu madatsar siminti mai ƙwari, na sama suka daina buƙatar hannun kowa, a wurare da yawa ruwa ya rage isa ga na ƙarshe. Ba halin mutanen ne ya canja ba, buƙatar juna ce ta yanke. Haɗin kai yana daɗewa ne inda damuwar ta shafi kowa kuma ba mai iya fita shi kaɗai. Ranar da wani ya sayi hanyar fita, ciko ko bohol ko sola, lissafinsa ya canja ko da mutumin kirki ne.

Auwal Direba: Malam ina ne kuma Nepal

Malam Kabir: Tsakanin Indiya da Sin take Auwal.

Shamsu: To mu ina ruwanmu da su. Su ba musulmi ba, ba Hausawa ba. Kuma Malam Kabir da girmanka, kai ma ba bohol ne a gidanka ba?

Malam Kabir: Shi ne, kuma ba zan ɓoye ba. Tunda na haƙa shi ban sake zuwa taron gyaran famfon masallaci ba, ban ma lura ba sai yau da Maman Ummi ta yi magana, kuma abin ya dame ni. Abin da nake faɗa ya haɗa da ni.

Ustaz Bishir: Ni ban yarda cewa dukiya ce ke raba mutum da jama'a ba. Sayyidina Usmanu ɗan Affan attajiri ne, da ruwa ya yi wuya a Madina shi ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa musulmi, gugansa kamar gugan kowa. Mai hali ɗaya yana iya ɗauke wa gari nauyin da mutum ɗari ba su iya ba.

Malam Kabir: Haka ne Ustaz, kuma masana ma sun yarda. Wani Mancur Olson ya rubuta tun 1965 cewa in mutum ɗaya yana da kaso babba a cikin amfanin abu, yakan yi shi shi kaɗai sauran su ci arziki. Amma a duba sharaɗin, sai in yana cikin amfanin, ko kuma imaninsa ya kai irin na sahabbai. Ku tuna taransifomar layin nan. Ƙonewar farko Alhaji ya biya rabi shi kaɗai don firizojinsa na ƙanƙara a kanta suke. Ƙonewar bara fa, bayan ya sa sola? Wata nawa muka yi a duhu ana bi gida-gida ana karɓar dubu bibbiyu?

Nura Tela: Wata huɗu. Ni na riƙe littafin. Gidaje uku na sama ba wanda ya ba da sisi, aka ce mana ba sa amfani da ita.

Shamsu: To ƙarya suka yi? Mutum ya biya kuɗin wutar da ba ya sha?

Malam Kabir: Ka ga ka faɗi abin da nake faɗa da bakinka. Bari in ƙara ɗaya in yi shiru. A 2015 masu bincike a jami'ar Yale sun yi gwaji da mutane sama da 1,000 ta intanet, aka raba musu kuɗin wasa wani da yawa wani kaɗan, kowa yana iya ba da nasa don maƙwabtansa su ƙaru. Inda ba a ganin abin da ke hannun maƙwabci bambancin bai yi ɓarna sosai ba. Inda ake gani, haɗin kai ya ragu.

Shamsu: Alhamdulillahi, hassada kenan. Ido ne. Ashe har Turawa sun tabbatar da maganata.

Malam Kabir: A'a Shamsu, karanta da kyau. Waɗanda suka ga sun fi maƙwabtansu ne suka fi janye hannu, ba na ƙasa ba.

Shamsu: Kowa da yadda ya fahimta.

Ustaz Bishir: Ga abin da ya fi binciken Yale. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a Bukhari, misalin mutanen da suka yi ƙuri'a a jirgin ruwa, wasu suka samu sama wasu ƙasa, na ƙasa in suna son ruwa sai sun bi ta kan na sama, sai suka ce bari mu huda wajenmu kada mu dami na sama. In aka ƙyale su duka a halaka, in aka riƙe hannunsu duka a tsira. Layin nan jirgi ɗaya ne. Sauron da ya tashi daga kwatar Maman Ummi ba ya tsayawa a get, in amai da gudawa ya ɓarke Allah ya kiyaye ba ya tambayar gidan wa ke da intalok.

Shamsu: Madalla Ustaz. Su wa za su huda jirgin? Na ƙasa. Wa ke zuba shara a kwata in hadari ya haɗo don ruwa ya tafi da ita? Alhaji mota ke zuwa ta kwashe tasa. 'Yan haya ne ke cika mana kwata da leda, su ba gidansu ba ba asararsu ba.

Sagir: Dakata Shamsu. Tun ɗazu ina shiru amma ka taɓo ni. Shekara 9 ina haya a layin nan, kuɗin sintiri ban taɓa fashi ba, kuɗin taransifoma na biya, gayyar ƙarshe da aka yi ni na tura baro har azahar hannuna ya yi kanta, kai ban gan ka ba. In an zo karɓa mu 'yan unguwa ne, in an zo laifi mu 'yan haya ne. Mu a Daura ba a yi wa baƙo haka. Garin da tarihinsa ma a kan rijiya ya ginu, Kusugu tana nan har yau kowa ya je ya gani, baƙo ne ya zo ya buɗe wa gari ruwan da ba a samu sai ranar Juma'a.

Auwal Direba: To ka koma Daurar mana tunda ta fi. Kullum Daura Daura. Ku da aka tula muku ayyuka shekara takwas me ya kawo ka Katsina neman abinci?

Sagir: Aiki ya kawo ni kamar yadda yake kai ka Maraɗi duk mako, an taɓa ce maka koma?

Auwal Direba: Maraɗi ma sun fi mu wallahi, tunda ka ambata. Ka bi hanyar ka ga gonakinsu cike da gawo, namu fayau. Su tunda manomi ya tabbatar itacen da ya raina a gonarsa nasa ne ba mai zuwa ya kama shi a kai, kowa ya shiga barin toho yana girma. Mu nan ka dasa wani ya sare ya kai gidan burodi.

Malam Lawal (admin): A daina maganar Daura da Katsina, duk ɗaya muke. Kuma ban yarda da siyasa a guruf ɗin nan ba, na sha faɗa.

Mustafa: Ni dai tambayata, mu me ya sa za mu yashe kwata da hannunmu? Ina kansila? Ina kuɗin ƙaramar hukuma? Lokacin zaɓe har cikin layin nan aka shigo aka yi alƙawarin kwalbati sabo.

Shamsu: Wanda kuka zaɓa ai shi ne a kai, je ku tambaye shi.

Mustafa: Naku da ya yi shekara shida kafin shi ko bulo ɗaya ya aje?

Malam Lawal (admin): Na ce ba siyasa.

Hajiya Binta: Jama'a mu tuna Jibiya. Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya ci mutum sama da 40, ƙanwar maigidana a can take, abin da ta gani har yau ba ta son a tayar da zancen. Ruwan yanzu ba irin na da ba ne, sai ya yi shiru ya zo ya zuba na wata guda a dare ɗaya. Ɗana da ke jami'a yake gaya min duk Afirka hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba amma mu ke kwana a ruwa, na ce masa ashe duniyar ma saman layi da ƙasan layi ce. Ba lokacin faɗa ba ne wannan, Agusta ba ta ma shigo ba.

Shamsu: Ruwa na Allah ne Hajiya. Kuma tunda ana son gaskiya a faɗe ta duka, gidan Yaya Nura kan hanyar ruwa yake. Ko an yashe kwata sau goma sai ya shiga.

Nura Tela: Yawwa, gara da ka kawo nan. Gidan nan kakana ya gina, a ciki aka haifi mahaifina, bai taɓa kwalfe ɗaki ba, don lokacin kududdufin bayan makaranta yana nan, duk ruwan layin nan can yake tafiya ya kwanta, a ciki muka koyi iyo muka kama tarwaɗa, a bakinsa ake buga tubali. Wa ya cike shi da shara da ƙasa aka yanka fulotai? Wa ya saya? Wa ya sa hannu a takardar shaida? Akwai su a guruf ɗin nan suna karantawa.

Malam Lawal (admin): Nura na goge saƙonka na biyu da ka kama suna. Maganar fili tana da hukumar da ke kula da ita, ba a nan za a yi shari'arta ba.

Nura Tela: Kawu Lawal ka goge don sunan yayanka yana ciki.

Malam Lawal (admin): Ni kake gaya wa haka Nura? Ni na yi maka huɗuba ranar da aka haife ka.

Baba Iro: Nura ba a yi wa babba haka. Ba shi haƙuri. Amma Lawal kududdufin ga kowa ya san yadda anka yi da shi.

Nura Tela: Ka yi haƙuri Kawu, raina ne a ɓace. Amma maganar tana nan.

Malam Lawal (admin): Ya wuce. Tunda dare ya yi bari in taƙaita abin da aka tattauna saboda waɗanda ba su samu bi ba. Nura ya kawo kuka kan ruwan da ya shiga gidansa, muna jajanta masa. Sai dai ya yi amfani da kalmar talaka ba a muhallinta ba, kuma dattijonmu Baba Iro ya warware cewa duk wanda ba basarake ba talaka ne, saboda haka raba layin nan gida biyu, masu hali da talakawa, ba shi da asali. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun nuna babbar matsalar ita ce zubar da leda da shara a kwata, musamman daga gidajen da ke da yawan jama'a, sai kuma sakacin hukuma. Ustaz ya tunatar da mu falalar mawadata masu taimako irin Sayyidina Usmanu, Malam Kabir ma ya kawo binciken Turawa da ya nuna mai hali ɗaya yana iya ɗauke wa jama'a nauyi, kuma yawan sa ido a kan abin hannun wani yana kashe zumunci. An yaba wa Alhaji kan famfon da ya fitar waje. Shawarata, mu tashi mutum uku mu je mu yi masa godiya, in an ga fuska a roƙe shi ya taimaka da lebura ko biyu. Maganar kududdufi da rijiya ba ta cikin abin da aka taru a kai.

Malam Kabir: Malam Lawal da girmamawa, ba abin da na ce kenan ba. Rabin maganata ka ɗauka ka bar Nepal da taransifoma, kuma a gwajin nan na faɗa ƙarara masu yawa ne suka janye hannu.

Sagir: "Gidajen da ke da yawan jama'a" mu kenan 'yan haya. Mutum ɗaya ne ya faɗi haka, ya zama mafi yawa?

Shamsu: Taƙaitawa ta yi daidai Kawu, Allah ya ƙara girma. A sa ni cikin masu zuwa.

Nura Tela: Ni ba roƙo na ce a je ba. Cewa na yi a fito gayya kowa da kowa kamar da, wanda ruwan gidansa ke bi ta kwatar nan ya fito ko ya turo. Ranar Asabar bayan asuba ni zan fara daga kwalbati ko ni kaɗai ne. Malam Kabir in da gaske kake ka zo da baronka.

Malam Kabir: Zan zo, da yarana biyu.

Maman Ummi: Ba wanda ya ce komai kan rijiyata. Hadari ya haɗo ta gabas, ni na tafi ɗora kaya kan gado.

Malam Lawal (admin): Na rufe guruf sai da safe.